Tsohon Katakon Kicin: A Gyara Ko A Sake?

Duk wanda ya taɓa zama a ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen malamai, irin waɗanda Ma'aikatar Ayyuka ta gina wa makarantu kafin samun mulkin kai a 1960, ya san irin kicin ɗin da ke cikinsu. Akwai dogon tebur manne da bango, da kabad a ƙarƙashinsa, da kantoci a sama, wani gidan har da ƙaramin kabad mai ƙofar waya inda a ke ajiye nama da madara saboda ƙuda. Galibinsu sun yi baƙi ƙirin, hayaƙi da maiƙo sun like su, ƙofofi sun karkace, durowa ba ta janyuwa sai da kokawa. In an sami kuɗin gyara, abin da a kan fara yi shi ne a kira ɗan kwangila ya ɓamɓare su duka, a jibge a bayan gida, masu tuyar ƙosai su kwashe su yi makamashi. Sa'an nan a kawo sabon kabad mai sheƙi a kafa, kowa ya yi ta murna. Damina biyu ko uku, sai ka ga gindin sabon ya kumbura kamar burodin da ya faɗa cikin shayi.

Ku da za ku fita ku zama malamai, waɗansunku har su riƙe makarantu, wannan magana ta shafe ku. Za a ba ku gida, za a damƙa muku ɗakin koyon girki da kayan da ke ciki, kuɗin gyara kuwa kullum kaɗan ne. Saboda haka ya kamata ku san yadda a ke duba tsohon katako a rarrabe mai sauran rai da wanda ya mutu, da kuma yadda a ke farfaɗo da shi.

Kicin mai kabad manne da bango ba tsohon abu ba ne, ko a Turai. Wanda a ke ɗauka shi ne kakansu, wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ita ta tsara shi a 1926 domin gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus, aka yi wajen guda 10,000. Ɗakin ɗan tsurut ne, faɗinsa bai cika mita 2 ba, tsawonsa mita 3 da 'yan kai, amma kome da wurinsa. Waɗansu da suka tsira an gyara su, suna gidajen ajiye kayan tarihi a London da New York, mutane na zuwa kallo.

Da irin wannan tsari ya iso gidajen gwamnati na Nijeriya, ya tarad da ƙasa mai arzikin itace. A zamanin ana sare manyan itatuwa a kurmin Benin, ana turo gumagumai ta ruwa zuwa Sapele, inda kamfanin U.A.C. ya kafa babbar ma'aikatar yanka katako da yin filawud bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Har akwai wani jan katako da duniya ta sani da sunan garin. Kafintocin lokacin da irin waɗannan su ke aiki: loko, wanda Yarbawa ke kira iroko, da jan katako dangin maɗaci, da kawo. Falanki mai kaurin inci guda, faɗin ƙafa ɗaya ko fiye, ba abin mamaki ba ne a wurinsu.

Labari ya sake tun da daɗewa. A 1976 gwamnati ta hana fitad da gumagumai waje, don kurmi ya soma ƙarewa. Daga baya 'yan kasuwa suka auka wa dajin Taraba da maƙwabta suna saran madobiya ana kaiwa ƙasar Sin, har a 2016 aka sa madobiya cikin yarjejeniyar duniya ta CITES, wadda ke lura da cinikin dabbobi da itatuwan da a ke tsoron ƙarewarsu, a 2018 kuma aka dakatad da cinikinta daga Nijeriya. A 2022, a taron Panama, aka ƙara da maɗaci da kawo. Abin da wannan ke nufi ga mai kicin shi ne, falankin da ya ke shirin ba masu ƙosai, in ya je kasuwar katako nemansa, ko dai ya rasa, ko ya samu da tsadar da za ta kore shi. Abin da ya cika kasuwa shi ne farin katako mara nauyi, irin su malaina da obece, sau da yawa ma ɗanye.

Sabon kabad mai sheƙin nan kuwa, yawancinsa ba falanki ba ne sam. Garin katako ne a ke cuɗawa da gam, a matse da inji ya zama allo, a lulluɓe fuskarsa da leda ko fomaika. A Jamus aka soma yinsa a ma'aikata lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da katako ya yi wuya. Ba na kushe shi gaba ɗaya. Yana da santsi, yana da sauƙin aiki, a ofis ko ɗakin kwana ya kan daɗe. Amma kicin gidan ruwa ne. Da zarar ruwa ya sami kafa ta gefen allon, garin ya kumbura, shi ke nan, ba ya komawa ko ya shekara a rana. Kuma in sukuru ya kwance daga jikinsa, da wuya ya sake kamawa. Falanki na gaske, tsufansa a fata ya ke. A kankare kaurin farce guda, sai ga sabon itace a ƙasa.

To, abu na fari ke nan: a san da wane iri a ke magana. A ciro durowa, a juya ta, a dubi bakin katakon inda zarto ya yanka. In falanki ne, za a ga zanen itace ya ratsa daga fuska har cikin baki. In filawud ne, za a ga falle-falle a jere kamar shafukan littafi. In matsattsen gari ne, bakin zai yi kama da ƙuli-ƙuli. A kuma sa wuƙa a ɗan kankare wani lungu inda ido ba ya kai wa, a ga launin da ke ƙarƙashin dauɗa. Loko ya kan fito ruwan ƙasa mai duhu, dangin maɗaci kuwa ja-ja.

Sai binciken ɓarna. Maƙiyan katako a kicin uku ne, kowanne da alamarsa.

Gara daga ƙasa ta ke fitowa, tana gina 'yar hanya ta laka a jikin bango don kada rana da iska su busad da ita. Mugun halinta shi ne ta cinye ciki ta bar fata, kabad na tsaye kamar lafiyayye alhali kuwa fanko ne. Don haka kada a dogara ga ido. A ɗauki sukundireba a bi ƙafafu da bayan kabad ana ƙwanƙwasawa, ana tokarawa. Lafiyayyen wuri zai amsa da ƙarfi, wanda aka ci zai yi amon ganga, tsinin ya lume. Abin farin ciki, jan tsakiyar loko gara ba ta sonsa. Yawanci abin da ta kan ci shi ne allon baya, da ƙasan durowa, da farin gefen itacen da kafinta ya bari don tsimi. Waɗannan kuwa su ne mafi sauƙin sakewa.

Na biyu wani ɗan ƙwaro ne mai huda katako. Alamarsa ƙananan ramuka kamar na allura, da gari mai laushi kamar fulawa da a kan tarar a ƙasa da safe. In ramukan tsofaffi ne, sun yi duhu, ba gari, ƙwaron ya daɗe da tafiya. In ana ganin sabon gari, yana ciki. Zafi na kashe shi. Ƙa'idar da a ke bi ga katakon da a ke ɗaure kayan fatauci tsakanin ƙasashe ita ce, a gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30. Mu nan Allah ya ba mu tanda kyauta: a naɗe durowa ko ƙofa cikin baƙar leda, a shimfiɗa bisa kwano a ranar watan Maris ko Afrilu, kwana biyu ko uku ana juyawa.

Na uku ruɓa, wadda ba ta kama katako sai damshin cikinsa ya wuce wajen kashi 20 cikin 100, ya kuma zauna haka. Kusan kullum a wuri ɗaya a ke samunta, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, inda famfo ke ɗiga shekara da shekaru ba wanda ya kula. A nan ba wani magani sai a yanke ruɓaɓɓen, a wuce shi da inci biyu cikin mai lafiya, a sa sabo. Amma a gyara famfon tukuna. Wanda ya sake katako ya bar famfo na ɗiga, ya yi aikin baban giwa.

In bayan binciken nan an ga ginshiƙai da ƙofofi da saman tebur suna da ƙarfi, kicin ya cancanci gyara, kome muninsa.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba, shi ne zaɓen lokaci. Katako, ko ya shekara 70 da yankewa, yana shan damshin iska yana kuma amayarwa. Da damina ya kumbura, da hunturu ya tsuke. Ta faɗi ya ke wannan motsi, ta tsawo kuwa kusan babu. Ƙofar da ke cijewa a watan Agusta, ita ce za ka ga ta bar kafa a watan Janairu. Saboda haka in za a fere ƙofa don ta riƙa rufuwa, a yi da damina, sa'ad da ta kai iyakar girmanta, a kuma fere kaɗan. Haka nan tsagar da ta buɗe baki da hunturu, kada a yi gaggawar cusa mata abu mai tauri, gama in damina ta zo itacen zai nemi wurinsa, ya tsage wani waje. Shafa mai ko banish kuma ba ya son damshi, ba ya son ƙura. A ganina lokacin da ya fi shi ne bayan ɗaukewar ruwa, kafin hazo ya sauko sosai.

Aiki na fari wanki ne, kuma sau da yawa rabin gyaran ke nan. A kwance ƙofofi, a ciro durowoyi, a rubuta wa kowace lamba da fensir a ɓoyayyen wuri, domin aikin hannu ne, ba lalle ta wannan rami ta shiga wancan ba. A sami ruwan ɗumi da sabulu da soso, a cuɗa, a goge da tsumma nan da nan, kada a bar ruwa ya kwanta. Kunkunniya da maiƙon shekaru ba su fita a wanki ɗaya, sai an maimaita. Waɗansu su kan sa soda irin ta yin sabulu don sauri. Tana cire maiƙo, gaskiya ne, amma tana ƙona hannu, tana baƙanta jan katako, tana kuma kwance gam. A bar kayan su bushe a inuwa kwana biyu.

In kabad ɗin mai fenti ne, a dakata a yi tunani. Fentin mai na zamanin da, da yawansa akwai dalma a ciki. Amurka ba ta hana shi a gidaje ba sai 1978. Ba wanda zai manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Dalmar fenti ita ce dai wannan guba, ta ƙura ta ke shiga jiki, yara ƙanana ta fi yi wa lahani. Don haka tsohon fenti ba a goge shi a bushe, ba a kuma babbake shi da wuta. A fitad da kayan waje, a jiƙa, a kankare yana jiƙe, a tattara abin da ya zuba a ƙulle cikin leda. Yara da mata masu ciki su yi nisa, mai aiki ya rufe hanci, ya wanke hannu kafin ya ci abinci. In ma fentin bai ɓare ba, ya fi sauƙi a wanke shi, a shafa sabo a bisa.

Sa'an nan gaɓoɓi. Kafintocin da su kan fafe rami a jikin wani katako, su zura harshen wani a ciki, su ɗaure da gam ɗin da a ke dafawa daga fata da ƙofato. Wannan gam ruwan ɗumi na narkad da shi, don haka gaɓar da ta yi lako-lako ana iya zare ta ba tare da an fasa kome ba. A kankare tsohon gam sarai, a shafa farin gam na kafinta, a mayar, a ɗaure. In babu abin matsewa, tsohuwar robar cikin tayar keke ta isa, a yanka ta tsiri-tsiri a naɗe tam, a bari ta kwana. Abin da na ke roƙo shi ne kada a buga ƙusa. Ƙusa a gaɓa tana tsaga harshen, ta hana wanda zai zo baya gyara. Hinjin da ya saki kuwa, laifin ramin sukuru ne da ya yi faɗi: a tsoma tsinken ashana uku ko huɗu cikin gam, a cusa, a karye, in ya bushe a mai da sukurun. Durowa mai cijewa, a goga mata kyandir a inda ta ke zamewa.

Saman tebur shi ya fi shan wuya, shi ne kuma ya fi ba da lada. Waɗansu an manna musu fomaika daga baya, ta tsattsage. A bi ta da dutsen guga mai zafi, gam ɗin zai yi laushi, a ɗaga ta a hankali da wuƙa. Inda wani abu mai nauyi ya faɗa ya lotsa itacen, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a danna dutsen guga, tururi zai tasad da lotsawar, muddin dai jijiyar itacen ba ta yanke ba. Sa'an nan samfefa: a fara da mai kaushi lamba 80, a bi da 120, a gama da 180, kullum ana bin tsawon zanen itace, ba a ratsa shi. A naɗe samfefar a jikin guntun katako don kada yatsa ya yi kwari. A rufe hanci, gama ƙurar loko tana sa tari da ƙaiƙayi. In filawud ne a yi sannu ƙwarai, fallen samansa siriri ne, in an huda shi ba gyara.

Za a tarad da waɗansu baƙaƙen tabo, zobe-zobe inda aka saba ajiye jiƙaƙƙen gwangwani, ko kewaye da kan ƙusa, waɗanda samfefa ba ta kai ƙarshensu. Wannan ba dauɗa ba ce. Duk wanda ya taɓa zama wurin dukawa ya ga yadda fatar da aka jeme da bagaruwa ta ke komawa baƙa wuluk da an shafa mata kuloko, wanda a ke haɗawa da kashin maƙera. Abin da ke cikin bagaruwa mai ɗaure baki, shi ne ke haɗuwa da ƙarfe ya ba da baƙi, akwai shi kuma cikin itatuwa da yawa. Watau teburin ya rina kansa ne. Tsami ke warware wannan rini. Ruwan lemun tsami ya kan rage shi in an maimaita ana shanyawa, sa'an nan a ɗauraye. Wanda ya ƙi fita, a bar shi. Tebur mai shekara 60 ba laifi ba ne a ga alamar aiki a jikinsa.

Abin da za a shafa ya danganta ga wurin. Ƙofofi da gefuna, banish ya fi: shafi uku marasa kauri, na farkon a tsinka shi da tina don ya shiga, a bar kowanne ya bushe, a ɗan bi shi da samfefa mai laushi kafin na gaba. A shafa ciki da waje da baki duka, don in fuska ɗaya kaɗai aka rufe, ɗayar za ta riƙa shan damshi, ƙofar ta lanƙwashe. Amma inda a ke yanka nama da albasa, banish ba shi da amfani, wuƙa za ta yayyanka shi, ruwa ya shiga ƙarƙashi. Nan mai a ke so. Man gyaɗa ya kan yi ɗoyi in ya daɗe. A narka kakin zuma kashi ɗaya cikin man kaɗanya kashi uku ko huɗu, a shafa da ɗumi, a bari ya kwana, a goge. Iyayenmu mata ba su bukatar a koya musu wannan, da mai su ke raya akushi da muciya tun kaka da kakanni, kamar yadda ba su yar da fasasshiyar ƙwarya muddin gyartai na gari.

Masu sayad da fenti suna da wani mai da a ke kira linsid, yana da kyau ga katako, amma akwai hatsari a tsummansa. In an dunƙule tsumman da ya sha wannan mai aka jefa a kwandon shara, ya kan yi zafi da kansa har ya kama wuta cikin dare. A baza shi a fili ya bushe, ko a nutsad da shi cikin gwangwanin ruwa.

Kafin a mai da kabad wurinsa, a tuna da gara. A rushe hanyoyinta, a bi su har inda suka fito, a toshe tsagar daɓe da siminti. A ɗora kabad bisa ɗan dakali mai tsayin inci uku ko huɗu, a bar tazara tsakaninsa da bango yadda iska za ta ratsa, tsintsiya kuma ta shiga. Bayansa da ƙafafunsa ana iya shafa musu maganin katako irin Solignum. Baƙin man mota da mutane su ke shafa wa azara da dirkoki, ba na kicin ba ne. Haka kuma magungunan da a ke ji da su a da, irin su Gammalin 20 da dildirin, an hana su a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm, domin ba su ruɓewa, suna taruwa a jikin mutum. In an tsinci tsohon gwangwaninsu a sito, kada a kusantad da shi inda abinci ya ke.

Akwai kicin ɗin da ba ya gyaruwa, kada in ruɗe ku. In gara ta cinye ginshiƙai, ko kuwa asali da matsattsen gari aka yi shi ya kumbura, kashe masa kuɗi asara ce. Ko a nan ma, kafin a kira masu ƙosai, a zare ƙofofi da saman tebur da kantoci da hinjin tagulla a ajiye. Kafinta zai iya yin sabon jiki da katako mai araha ya mai da su a kai, abin da ya saura kuma ya isa benci biyu ko allon sanarwa na aji. Wanda ya gyaru kuwa, abin da zai nema a wurinku kaɗan ne: a goge ruwa da an gama wanke-wanke, a shafa wa tebur mai sau biyu a shekara, da farkon damina kuma a ja tsintsiya ta bayan kabad a duba ko laka ta soma hawa bango.